Hannun da Ya Fi Jiki

Fenti na sayo a Sabon Gari, gwangwani huɗu.
Baba kuwa roƙo na yi a marinar Ƙofar Mata,
wani dattijo ya ɗebo min a kwalbar magani,
ya ce, kar ki bari ya shiga farcenki, ba ya fita.
Ya shiga. Har yau yana nan.

Daren da nake son zanawa tsoho ne.
Daren da aka kwantar da Nafi'u a Asibitin Murtala,
Inna ta dawo ƙarfe biyu, ko mayafi ba ta cire ba,
ta shimfiɗa buzu a tsakar gida, gefen rijiya,
ta ɗaga hannu.
Ni ina bayan labule, shekarata tara, ina haɗiye numfashi.

Na fara da gaskiyar ido:
katanga a miƙe, randa a gurbinta,
buta, igiyar shanya, wata fari sol a kan Yakasai.
Komai ya zauna daidai wa daida,
sai dai babu kowa a ciki.
Kwana uku ina kallonsa kamar gidan da aka tashi.
Na shafe.

Sai na karkatar da katanga
har ta sunkuyo kamar mai kasa kunne.
Sama na mai da ita garwashi,
ko da yake na san ba haka take ba.
Rijiya na buɗe mata baki, baƙi ƙirin, tana jira.
Fuskar Inna ban taɓa ba,
na bar wurin shuɗi, shuɗin da ke cikin farcena.
Amma hannuwan nan,
na ja su, na ƙara ja,
yatsu suka wuce indararo, suka wuce wayar lantarki,
suka bar Dala a ƙasa kamar curin tuwo.
Kowane tafi ya fi ƙofar zaure faɗi,
jijiyoyi kore shar, suna rawa.

Magana ba ta kwana a unguwarmu.
Bayan la'asar Malam Tasi'u ya yi sallama,
carbinsa a hannu, tambayarsa a goshi.
An ce kina zana masu salla.
Na juyo da allon, na koma gefe.

Ya daɗe.
Kaza ta shigo ta fita, bai motsa ba.
Ina fuskar? ya ce.
Na ce, ban gan ta ba a daren, Malam, baya ta ba ni.
Wannan hannu ya fi jiki.
Na ce, haka ya fi shi a daren.
Ba a halicci ɗan Adam haka ba.
Na yi shiru, don gaskiya ya faɗa.

Ya matso har numfashinsa ya taɓa fentin.
Carbin ya tsaya a ƙwaya guda.
Can ya ce, kamar da allon yake magana,
shekarar da Kubura ta kwana biyu tana naƙuda,
nawa ma sun kai haka.
Sai dai samana ba ja ba ce.
Rawaya ce, irin ta idon marar lafiya.

Bai ce ya halatta ba. Bai ce ki ƙona ba.
Ya sa takalmi, ya ce akwai littattafan da zai duba.
A bakin zaure ya waiwayo:
Yaron ya tashi?
Na ce, bai tashi ba.
Ya kalli hannuwan ta saman kafaɗata.
To, ya ce, kar ki sauke su.

Inna ta gani da daddare, da hasken waya.
Ta ce, ke dai ba ki iya katanga ba.
Ta tsaya.
Sannan ta sa babban yatsa
ta goge ɗigon ja da ya zubo kan buzun.